Khan Academy, OpenStax, ALEKS ko tsohon littafin WAEC: da wanne za ka shirya wa jarrabawar tantance matakin lissafi a Amurka?

Kwalejoji da jami'o'i da dama a Amurka, bayan sun ba ɗalibi gurbi, sukan zaunar da shi gaban kwamfuta ya yi jarrabawar lissafi kafin a bar shi ya yi rajistar darussa. Ba a faɗuwa wannan jarrabawa, ba a kuma ƙwace gurbi saboda ita. Ajin da za a ajiye mutum kawai take nunawa. To amma a nan kuɗi ke zurarewa. Wanda makinsa ya yi ƙasa, ajin gyaran tushe za a tura shi: ya biya kuɗin darasin, ya yi wajen wata huɗu yana zuwa aji, ƙarshe kuma galibi ba a ƙirga darasin cikin abin da digiri ke buƙata. Idan injiniyanci ko ilimin kwamfuta ya je karantawa, kowane mataki da aka ja shi baya zai jinkirta masa kalkulas da zango guda, sannan darussan da sai an wuce kalkulas ake ɗauka su ma su ja baya.

Mai shirin wannan jarrabawa shi kaɗai, babu malami, hanyoyi huɗu ne a gabansa da suka cancanci a tsaya a kansu: bidiyo da atisayen Khan Academy, littattafan OpenStax, darussan cikin manhajar ALEKS, sai tsohon littafin sakandare da tambayoyin WAEC na baya ga wanda ya taso a kansu. Abu biyu ne za su zaɓa maka: wace jarrabawa makarantarka ke yi, da kuma inda lissafinka ya tsaya da gaske, ba inda takardar sakamako ta ce ya tsaya ba.

Fara da sanin jarrabawar

Biyu ne suka fi yaɗuwa. ACCUPLACER ta College Board ce, masu shirya SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka. Lissafinta kashi uku ne. Na farko ƙidaya zalla: firakshin, desimal, kashi cikin ɗari. Na biyu, QAS, ya haɗa aljabarar farko da ƙididdiga da ɗan jometiri. Na uku, AAF, ya hau zuwa kwadiratik, fankshin, logaridim da tirigonometiri. Kowane kashi tambaya 20 ne, ana ba ka amsoshi ka zaɓi ɗaya, maki daga 200 zuwa 300, kuma a tsarinta na asali ba a ƙayyade lokaci. Kwamfuta ce ke zaɓo tambaya ta gaba gwargwadon amsar da ka bayar: in ka ci ta ƙara wuya, in ka faɗi ta sassauta. Shi ya sa ba a tsallake tambaya, ba a kuma dawowa baya a gyara.

ALEKS PPL ta kamfanin McGraw Hill ce, kuma halinta dabam. Tambayoyinta ba sa wuce 30, maki daga 0 zuwa 100, amma babu amsoshin zaɓi. Kai za ka rubuta amsar da kanka, wani lokaci ma ka zana giraf da kayan zanen da ke kan allo. Iyakokin da makarantu da yawa ke bi su ne 46 don shiga aljabarar kwaleji, 61 don darasin share fagen kalkulas, 76 don kalkulas kanta, sai dai kowace makaranta na da ikon sa nata. Galibi ana ba da dama har sau biyar, tare da sharaɗin a jira wasu awoyi kuma a yi karatu a cikin manhajar kafin a sake.

Wannan bambancin ba ƙarami ba ne. A ACCUPLACER, idan ikweshin ya gagara, kana iya ɗaukar amsoshin ɗaya bayan ɗaya ka zuba a wurin x ka ga wadda ta dace. A ALEKS babu wannan mafaka. Duka biyun kuma ba sa barin kalkuletarka. Wata ce ke fitowa a kan allo, a tambayoyin da aka yarda kaɗai.

Kafin ka buɗe littafi, aika wa ofishin jarrabawa na makarantar saƙo: wace jarrabawa, wane maki fanninka ke nema, sau nawa ake maimaitawa, kuma ko makin SAT ko na takwararta ACT na iya sa a yafe maka. Wani wurin ma ba a yinta yadda aka saba. A Kalifoniya, dokar AB 705 ta 2017 ta sa kwalejojin al'umma dogaro da sakamakon sakandare fiye da jarrabawar tantancewa, Texas kuma tana da tata mai suna TSIA2. Ka kuma yi hattara da tsofaffin littattafan shiri da ke yawo a intanet. An daina jarrabawar Compass tun ƙarshen 2016, tsohuwar ACCUPLACER kuma a Janairun 2019. Littafin da ke maganar maki 20 zuwa 120, ta da yake nufi.

Tambayoyi shida da za su nuna maka matsayinka

Ɗauki takarda da fensir, ajiye waya, ka yi waɗannan: 1/2 + 1/3; −3²; buɗe (x + 3)²; warware −2x > 6; warware x² = 5x; warware √(x + 2) = x.

Ta farko 5/6 ce. Wanda ya rubuta 2/5 ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kuma zai maimaita wannan kuskuren ranar da ya haɗu da 1/x + 1/y. Ta biyu −9 ce, ba 9 ba, domin 3 kaɗai aka ninka da kanta, alamar ɗebewa tana waje. Sai an rubuta (−3)² ake samun 9. Ta uku x² + 6x + 9. Masu mantawa da 6x suna da yawa, kuma maganinsu gwaji da lamba: (4 + 3)² daidai yake da 49, alhali 16 + 9 ya tsaya a 25. Ta huɗu x < −3, saboda raba ɓangarorin biyu da lamba mai alamar ɗebewa yana juya bakin alamar. Ta biyar amsa biyu gare ta, 0 da 5. Wanda ya raba da x ya jefar da sifilin bai sani ba. Ta shida ta fi su tarko. In ka ninka kowane ɓangare da kansa za ka samu x² − x − 2 = 0, wato 2 da −1, amma mayar da −1 cikin tambayar asali: hagu ya ba da 1, dama ya ba da −1. Ba su haɗu ba. Amsar 2 ce kaɗai.

In ka faɗi biyun farko, matsalarka ba ta kai ga aljabara ba tukuna, a ƙidaya take. In ka ci huɗun farko ka yi tuntuɓe a biyun ƙarshe, tushenka na nan, ƙura ce ta rufe shi. In ka ci duka ba tare da gumi ba, abin da ya rage maka fankshin ne da logaridim da tirigonometiri.

Khan Academy

Kyauta ce, kuma darussanta sun bi jerin sakandaren Amurka: share fagen aljabara, Algebra 1, jometiri, Algebra 2, tirigonometiri, share fagen kalkulas. Babu wadda ta kama ƙafarta wajen fahimtar da mutum abin da bai taɓa ganewa ba. Ɗalibin da aka sa ya haddace dokar kwadiratik a aji uku ba tare da an nuna masa inda ta fito ba, bidiyon minti goma zai iya warware masa ƙullin shekaru. Manhajar waya tana barin a sauke bidiyo a kalla daga baya, abin da mai ƙarancin data zai yaba.

Illarta tana cikin daɗinta. Kana kallon mai bayani yana warware lissafi, kowane mataki na shiga kai, sai ka ɗauka ka iya. Gani ba ci ba. Ka rufe bidiyon a ba ka irin tambayar da wasu lambobi, hannu ya tsaya a layi na biyu. Atisayen da ke bin kowane darasi kuma tambayoyi kaɗan ne, duk iri ɗaya, ka riga ka san dabarar da ake so tun kafin ka karanta. Jarrabawar tantancewa ba ta gaya maka babin da tambaya ta fito; rabin aikin shi ne gane wace iri ce. Abin da ke gyara wannan a Khan Academy shi ne gwajin ƙarshen sashe da babban gwajin da ke haɗa darasin gaba ɗaya. Da shi ya kamata a fara, ba da bidiyo na ɗaya ba. Yi babban gwajin Algebra 1, duba sassan da ka faɗi, kalli bidiyonsu kawai. Wanda ya ce zai bi Algebra 1 da Algebra 2 daga farko zuwa ƙarshe, ranar jarrabawa za ta same shi a tsakiya.

Littattafan OpenStax

Jami'ar Rice da ke Houston ce ke fitar da su, ana sauke su kyauta a matsayin PDF, kuma su ne ainihin irin littattafan da ake koyarwa da su a azuzuwan da kake ƙoƙarin tsallakewa. Wannan kaɗai ya isa dalili. Uku ne suka shafe ka. Prealgebra 2e na ƙidaya ne da jometirin farko. Elementary Algebra 2e babi 10 ne, daga tushe zuwa kwadiratik. Intermediate Algebra 2e babi 12 ne, ya maimaita wasu da zurfi, ya ƙara fankshin a babi na 3 da logaridim a babi na 10.

Tsarinsu ya dace da mai karatu shi kaɗai. Kowane sashe yana buɗewa da 'yan tambayoyin duba shiri, waɗanda in ka faɗi za su nuna maka misalin da za ka koma. Bayan kowane misali akwai tambayoyin gwaji irinsa, a ƙarshen sashe atisaye mai yawa, a ƙarshen babi jarrabawar gwaji. Amsoshin atisayen da aka bayar na tambayoyi masu lamba mara ne, 1, 3, 5, don haka su za ka yi.

Littafi ba ya tausaya wa mutum, kuma wannan ne amfaninsa: ba za ka wuce shafi kana ruɗin kanka ba muddin fensir na hannunka. Amma yana da girma ƙwarai, kuma ba ya gaya maka abin da za ka bari. Dabarar ita ce karanta shi daga baya. Je jarrabawar gwaji ta ƙarshen babi ka yi ta tukuna. In ka ci takwas cikin kowane goma, wuce babin, gyara waɗanda ka faɗi kawai. In ka gaza haka, zauna a babin. A Elementary Algebra 2e, babi biyu ne ba a yi musu gaggawa ko da mutum ya ga kamar ya iya: na 7, fasa lissafi zuwa fakta, da na 8, firakshin mai ɗauke da x a ƙasa. Kwadiratik da sauƙaƙa firakshin da neman inda giraf ya yanke layin x duk a kan fakta suke zaune. Wanda ke ɗaukar minti uku kafin ya ga cewa x² − 5x + 6 shi ne (x − 2)(x − 3), duk abin da ke sama zai yi masa nauyi.

Wata matsalar ita ce karanta PDF a waya: lambobin da ke bisa kan x ƙanana ne, ido na ɗaukar 3 a matsayin 2. Gara a buga babin da ake kai a takarda.

Darussan cikin ALEKS

Ga wanda makarantarsa ke amfani da ALEKS PPL, gardama ta kusa ƙarewa. Bayan gwajin farko, manhajar na buɗe maka darussan shiri, ta zana da'ira mai yanka-yanka tana nuna abin da ka iya da abin da ya rage, kuma ba ta ba ka sai batun da take ganin ka shirya masa. Allon da kake atisaye a kai shi ne allon jarrabawar, maɓallan rubuta firakshin da tushen murabba'i da kayan zana giraf duk ɗaya ne. Mutane na asarar maki a kan shigar da amsa kawai: an nemi amsa cif kamar √2 ko 2/3, su rubuta 1.41 ko 0.67.

Rauninta uku ne. Sai ka yi gwajin farko take buɗewa, kuma tana da wa'adi. Bayaninta a taƙaice yake, matakai ne ba dalilai ba, don haka batun da bai taɓa shiga kanka ba zai buƙaci bidiyo ko littafi daga waje. Na uku ya fi ɓoyuwa: tana ƙirga batu cikin waɗanda ka koya da zarar ka ci 'yan tambayoyi a jere, abin da ƙwaƙwalwar minti goma ke iya yi. Bayan kwana biyu gwajin bita ya zo ya ƙwace batun. Maganin shi ne littafin rubutu: kowane batu, kwafi misali ɗaya da hannunka, washegari ka sake warware shi a rufe.

Akwai matakan darussa da ake zaɓa, daga shirin aljabarar farko har shirin kalkulas, kuma a makarantu da yawa in ka zaɓa ba a canzawa. Wanda ya samu 35 ya zaɓi shirin kalkulas don zumuɗi zai tarar da batutuwan da ba shi da matakalar hawansu. Zaɓi matakin da ke gaba da makinka.

Gwajin farko sau da yawa a gida ake yinsa babu mai sa ido. Neman amsa a waya a nan cutar kai ne tsantsa: darussan da za a tsara maka a kan wannan sakamakon za a gina su, sai manhajar ta tsallake ainihin abin da ba ka iya ba. Akwai maɓallin "ban sani ba". In batu baƙo ne gare ka, danna shi.

Tsohon littafin sakandare da tambayoyin WAEC

Wanda ya yi karatu da New General Mathematics ya kuma ci lissafi a WAEC ko NECO da guminsa yana da jari fiye da yadda yake zato. Kwadiratik, ikweshin biyu masu x da y, dokokin lambar bisa, logaridim, awon fili da girman ciki, duk ya taɓa su, kuma tunawa da littafin da ka saba ya fi sauri. A jometiri ma, abin da aka koya masa ya zarce abin da za a tambaye shi.

Sai dai rigar ba ta yi daidai da jikin ba. Akwai abin da ya yi yawa: layukan taswirar duniya, kusurwar alkibla, zane da kamfas, lissafin tushe biyu, teburin lambobi huɗu. Bar su. Akwai kuma abin da ya gaza, musamman ga wanda bai yi lissafi mai zurfi ba: fankshin cikin fankshin kamar f(g(x)), lambobin da fankshin ke karɓa da waɗanda ba ya karɓa, yadda giraf ke matsawa dama da mataki 2 idan x ta koma x − 2, rubuta x ≥ 2 a matsayin [2, ∞), da auna kusurwa da radiyan, inda π ke daidai da digiri 180. Waɗannan su ne ke raba mai 60 da mai 76 a ALEKS, su ne kuma cikon AAF, kashi na uku na ACCUPLACER. Ga sabon kalkuleta: WAEC na barin a shiga da ita, don haka ɗalibai da yawa sun manta raba 7.2 da 0.09 da hannu. Sannan awo: tambayoyin labari na zuwa da inci, ƙafa, yadi, mil da galan. Inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, amma murabba'in ƙafa ɗaya murabba'in inci 144 ne, ba 12 ba.

Wanda ya yi karatu da Faransanci a Nijar, Chadi ko Kamaru, fankshin da tazarar lambobi ba baƙi ba ne gare shi, rubutun ne zai gyara: 3,5 ta koma 3.5, sannan ]2, 5[ ta koma (2, 5).

Jometiri: kada ya cinye maka lokaci

A nan mutane suka fi ɓarnar makonni. Darasin jometiri na Khan Academy ya ba da fili mai yawa ga juya siffofi da kafa hujja mataki-mataki, abin da waɗannan jarrabawa ba su cika nema ba. Abin da ake tambaya awo ne: kewaye da faɗin fili na murabba'i, alwatika da da'ira, girman cikin akwati, silinda, mazurari da ƙwallo, kusurwoyin alwatika da jimlarsu 180, kusurwoyin layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, dokar Pythagoras, da siffofi masu kama da juna. Babi na 9 na Prealgebra 2e ya tattara yawancin wannan, kuma mako guda ya isa mai tushe.

Ka haddace 3-4-5 da 5-12-13, da ɓangarorin alwatika mai kusurwa 30-60-90, wato 1, √3, 2, da mai 45-45-90, wato 1, 1, √2. Ka kuma riƙe cewa idan aka ninka kowane gefe sau 2, faɗin fili na ninkuwa sau 4, girman ciki sau 8. A matakin sama, jometirin na rikiɗa ya koma aljabara: a ba ka x² + y² − 6x + 4y = 12 a ce ina tsakiyar da'irar. Sai ka cike murabba'i, ka ƙara 9 da 4 a ɓangarorin biyu, ka samu (x − 3)² + (y + 2)² = 25: tsakiya (3, −2), nisa daga tsakiya zuwa baki 5. Shi ya sa cikin kowace awa biyar ta karatu, huɗu na aljabara ne.

To wanne za ka ɗauka?

Ɗaya za ka riƙe ya zama ginshiƙi, saura su taimaka. Mai tsalle tsakanin huɗun kullum yana maimaita babin farko sau huɗu ne kawai.

Idan ALEKS ce kuma ka ci aƙalla huɗu cikin tambayoyi shidan can, yi gwajin farko da wuri, riƙe darussan manhajar, ka nemi bidiyon Khan Academy duk inda bayani ya gaza. Idan ACCUPLACER ce, OpenStax ne ginshiƙi, sannan a mako biyun ƙarshe ka koma kan tambayoyin gwaji na kyauta da College Board ke bayarwa don ka saba da salonsu. Idan ka faɗi firakshin da alamar ɗebewa, ko wace jarrabawa ce, fara da Khan Academy a matakin share fagen aljabara tare da babi na 1 na Elementary Algebra 2e, kuma ka ba kanka wata uku zuwa huɗu, ba mako uku ba. Wanda ya gama WAEC kwanan nan da sakamako mai kyau, mako ɗaya na tunawa da tsohon littafinsa ya isa, daga nan ya wuce babi na 3, 7, 9 da 10 na Intermediate Algebra 2e.

Awa ɗaya kullum ta fi awa bakwai ranar Asabar. Raba ta haka: minti 10 na tambayoyin da ka faɗi jiya, minti 35 na sabon batu, minti 15 na tambayoyi gauraye daga babin baya, duk babu kalkuleta. Ka sa ranar gwajin farko aƙalla wata guda kafin a buɗe rajistar darussa, domin awoyin jira da na karatun dole tsakanin gwaji da gwaji na cin kwanaki, azuzuwan kalkulas masu lokaci mai kyau kuma da wuri suke cika. Ka tambaya ko makin yana da wa'adi, don wanda ya jinkirta ɗaukar lissafi har shekara ta zagayo, wasu makarantun sukan sa shi ya sake zama.